Tabo a Zanin Gado: Wa Zai Biya, Wa Zai Rufa Asiri?

 Yau maganarmu ta shafi wata sana'a da ta bunƙasa a biranenmu cikin 'yan shekarun nan, wato bayar da hayar gida ko ɗaki na 'yan kwanaki. Mutum ya gyara gidansa, ya zuba gado da kujeru, ya sa na'urar sanyaya ɗaki da talabijin da kayan girki, baƙo ya zo ya kwana biyu ko ya yi mako, ya biya ya tafi, wani ya shigo. A Legas, unguwannin Lekki da Ikoyi sun cika da irin waɗannan gidaje, kuma kasuwarsu ta fi ci a watan Disamba, lokacin da 'yan ƙasa mazauna waje ke dawowa hutu. A Abuja akwai su a Wuse da Maitama da Jabi da Gwarimpa. Kano da Kaduna ma ba a bar su a baya ba. Masu biki sukan kama gida sukutum su sauke dangin da suka zo daga nesa, 'yan kasuwa da ma'aikatan da aka turo aiki na ɗan lokaci su ma sun gane cewa an fi sakewa a nan fiye da otal.

Duk wanda ya shiga wannan sana'a ya san safiyar da zan ambata. Baƙo ya miƙa makulli da hantsi, wani baƙon zai iso bayan azahar, mai shara ta shiga ɗaki ta yaye bargo, sai ga tabo a tsakiyar farin zanin gado. Wani lokaci jini ne, wani lokaci fitsarin yaro, wani lokaci jan baki da hoda a rigar filo, ko manja, ko lalle. Ta ɗauki hoto ta tura wa mai gida. Abin da mai gida zai yi a cikin sa'ar da ta biyo baya shi ne batunmu, domin a cikinta ake ceton zanin ko a rasa shi, a cikinta kuma ake kare mutuncin wani bawan Allah ko a zubar da shi.

Abin da na fi gani, kuma yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne fushi yakan riga tunani. Yawancin masu irin waɗannan gidaje a ƙasar nan suna karɓar kuɗin ajiya daga hannun baƙo kafin ya shiga, da sharaɗin za a mayar masa in ya fita bai ɓata komai ba. To da zarar an ga tabo, ko da bai kai girman tafin hannu ba, sai a riƙe kuɗin nan gaba ɗaya. Ba a gwada wanki ba, ba a tambayi baƙon abin da ya faru ba, ba a lissafa nawa zanin yake ba. Wani ya ɗora da kiran waya yana faɗa. Wani ya ɗauki hoton gadon ya sa a Instagram ko a WhatsApp, har da sunan wadda ta kwana a ɗakin. Wani kuma, in baƙon ya fi ƙarfinsa, sai ya huce a kan mai shara, ya zaftare mata albashi.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Ba kowane tabo ne laifi ba. Wanda ya sayar da wurin kwana, jikin ɗan Adam ya sayar wa, jiki kuwa yana gumi, yana zubar da jini, yana tayar da ciwo cikin dare ba tare da ya yi shawara da mai shi ba. Mace al'adarta ta zo mata a bacci kafin ranar da take tsammani. Dattijo mai ciwon suga ko mai matsalar mafitsara ya kasa kaiwa banɗaki. Yaro ɗan shekara uku ya kwana a baƙon wuri ya yi fitsarin kwance. Wani iskar hunturu ta busar masa da hanci, haɓo ya ɓalle masa da asuba. Waɗannan duk suna cikin abin da ka karɓi kuɗi a kansa, malam mai gida, ko ka rubuta a takarda ko ba ka rubuta ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye shi don in daɗaɗa wa baƙi ba. Akwai wanda zai ɗauki farin tawul ya goge takalminsa. Akwai wanda zai baje tuwo da miyar manja a kan gado alhali ga teburin cin abinci can a falo. Akwai wadda za ta shafa dayis a kai ta kwanta a kan farin filo, da wanda garwashin shisha ko na kaskon turaren wuta zai faɗo masa ya huda zani da katifa, ya juya katifar ya yi shiru. Wannan sakaci ne, wani ma ganganci ne, kuma mai gida yana da cikakken haƙƙin neman a biya shi.

Wannan rarrabewa ba ni na ƙirƙiro ta ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da zaunar da ita a babin haya. Ƙa'idar ita ce abin da aka ba mutum haya amana ne a hannunsa. In ya yi amfani da shi yadda aka saba, ya lalace, babu ramuwa a kansa. Ramuwa tana hawa kansa ne in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure sun tarar da wannan hukunci a can, tare da wani da ke biye da shi wanda ya shafi maganarmu kai tsaye: a mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, kamar maɗinki ko mai wanki da guga, shi ke da alhakin abin da ya lalace a hannunsa. Ke nan in ka kai zani wurin mai wanki ya zuba masa bilic ya ƙone, da shi za ka yi magana. Baƙon da ya tafi jiya babu ruwansa.

Abin sha'awa shi ne kamfanin da ya fi kowa shahara a wannan harka ya iso kusan wuri ɗaya ta tasa hanyar. Airbnb ya samo asali ne a birnin San Francisco na Amurka a 2007, lokacin da wasu samari biyu, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya yi musu wuya, suka shimfiɗa katifun iska guda 3 a ɗakinsu suka karɓi baƙin wani taro. A 2008 abin ya zama kamfani. A ƙarshen 2021 kamfanin ya fito da tsarin kariya ga masu gidaje mai suna AirCover, shekara guda bayan haka ya ɗaga iyakar abin da yake iya biya na ɓarna zuwa dala miliyan 3. Sai dai ku lura da sharuɗɗan. Dole mai gida ya shigar da buƙatarsa cikin kwana 14 da fitar baƙo, ya kawo shaida, hotuna da rasit ko ƙiyasin gyara. Ana fara tura wa baƙon ne, a ba shi sa'a 24 ya amsa, in ya ƙi ko ya yi shiru sannan kamfani ya shigo. Tsarin yana iya ɗaukar kuɗin ƙarin aikin cire tabo, amma ba ya biyan tsufan kaya na yau da kullum, ba ya biyan wankin da dama za a yi bayan kowane baƙo. Kuma ga mafi yawan masu gidaje, kamfanin bai yarda su karɓi kuɗin ajiya daga baƙo a gefe ba. Mu nan da yawancin cinikinmu ke tafiya ta waya da dillalai, babu wanda ke tsaye tsakanin mai gida da baƙo. Mai gida shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuɗin kuma yana aljihunsa. Wanda ke riƙe da wuƙa da nama haka, tsoron Allah ya fi wajaba a kansa.

To mu koma ɗakin wanki, domin rabin rigimar nan tana mutuwa a can in an san aiki. Na ga zannuwa da yawa da aka jefar waɗanda ba tabon ne ya kashe su ba, wankin ne.

Mu fara da jini, tunda shi ya fi tayar da hankali kuma shi aka fi yi wa kuskure. Mutane da yawa suna ganin jini sai su ɗora ruwan zafi, wai don ya fi kashe ƙazanta. Jini yana ɗauke da furotin, zafi kuwa dafa furotin yake yi, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, sai ya kama zaren ya ƙi saki. Ruwan sanyi ake fara sa wa. A juya zanin, a saki ruwa ta bayan tabon don ya tura jinin waje ta inda ya shiga. A goga sabulu, a murza a hankali, a jiƙa cikin ruwan sanyi da omo na tsawon sa'a guda ko fiye, in ya bushe a bar shi ya kwana. Omo na zamani da yawa suna da sinadaran da ke narkar da furotin, amma suna buƙatar lokaci, ba a yi musu gaggawa. In akwai saura, ruwan haidurojin da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo yana aiki ƙwarai a kan farin auduga: a ɗiga, za a ga yana kumfa, a bar shi 'yan mintuna, a ɗauraye. A kan zani mai launi kuwa sai an gwada a gefen da ba a gani, don yana iya cin launin. Wannan tsari na kankarewa, murzawa da ruwa, sannan ɗaurayewa, iyayenmu mata sun san shi tun daga karatun tsarki, domin haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar game da jinin al'ada da ya taɓa tufafi, a hadisin da aka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar. Tufar da aka wanke haka ana salla da ita. Wanda ya san wannan ba zai riƙa kallon mace kamar ta aikata abin kunya don jini ya taɓa zani ba.

Maiƙo kuma dabam yake. Man gashi, man shafawa, man kaɗanya, humra, jan baki da hodar kwalliya, duk mai ne a cikinsu, ruwan sanyi kaɗai ba ya motsa su. Sabulun ruwa na wanke kwanuka shi ne maganinsu, tunda don maiƙo aka yi shi. A ɗiga a kan tabon tun yana bushe, a murza, a bar shi ya jima, sannan a wanke da ruwan ɗumi. Manja da kurkum, wanda ake sawa a dilka, sukan bar rawaya ko bayan maiƙon ya fita. Kada a yanke ƙauna. A shanya a rana tsaka, domin hasken rana yana cin irin wannan launi, rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta. Zoɓo da shayi da goro suna fita in an same su da wuri.

Lalle shi ne mai taurin kai, musamman baƙin da ake haɗawa da dayis. An yi shi ne don ya rina, kuma rini yake yi. In ya kwana a kan farin zani, da wuya ya koma yadda yake. Saboda haka duk mai gidan da ke karɓar 'yan biki ya sani cewa amarya da ƙawayenta za su yi ƙunshi, kuma hannu da ƙafa mai ɗanyen lalle sai sun nemi inda za su huta. Ka tanadi tsofaffin zannuwa masu duhu ka ba su tun ranar shiga, ka faɗa musu da bakinka: Hajiya, ga waɗannan don ranar ƙunshi. Ka kashe rigimar tun ba ta haihu ba. Akwai kuma maganin ƙurajen fuska da ke cin launin tawul da rigar filo ya bar fari-fari ko ruwan lemo, wannan kam ba tabo ba ne balle a wanke, launin ne ya tafi, kuma sau da yawa mai shafawar ma bai san maganinsa na yin haka ba.

Sai bilic, irin su Hypo da Jik, waɗanda suka zama abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a gidajenmu. Ina roƙon masu sauraro su ji wannan da kyau, don magana ce ta rai. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko da ruwan tsami irin na binega. Haɗin yana fitar da iskar gas mai guba da ke ƙona ido da huhu, a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kayar da mutum. Zanin da aka yi wa fitsari ma sai an ɗauraye shi tas kafin bilic ya taɓa shi, saboda abin da ke cikin fitsari yana haɗuwa da bilic ya tayar da tururi mai cutarwa. Bayan haka, bilic ba ya son a zuba shi tsagwaronsa a kan zani, cinye zaren yake yi, bayan wanki kaɗan sai ka ga zani ya yage kamar takarda. A tsarma shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin robar. In kuma ruwan rijiyar burtsatsenku mai ƙarfe ne, irin wanda ke barin ja a jikin tanki, bilic zai ƙara wa farin kaya rawaya ne maimakon ya haskaka su. Ƙa'ida ta ƙarshe a ɗakin wanki: kada dutsen guga ko injin busarwa ya taɓa zani sai an duba shi a haske an tabbatar tabon ya fita. Guga hatimi ne. Abin da ya danne ya zauna.

Zani dai kuɗinsa da sauƙi. Asarar gaske tana ƙarƙashinsa. Katifar soso tana shan ruwa, ba ta shiga injin wanki, in fitsari ko jini ya ratsa ta sai dai a danna da tsumma a tsotse, a sa ɗan haidurojin ko omo, a barbaɗa bekin soda, a fitar da ita rana ta bushe har ciki. In aka mayar da ita da danshi, wari da fumfuna za su biyo baya, kuma baƙo na gaba hancinsa zai gaya masa abin da idonsa bai gani ba. Duk wannan wahala rigar katifa mai hana ruwa wucewa tana kawar da ita. Ba ledar nan mai ƙara da sa gumi nake nufi ba, wadda ba mai iya kwana a kanta a zafin watan Afrilu. Akwai mai auduga a sama da shafen roba a ƙasa, akwai irinta ta filo. Mai gidan da ya sayi talabijin mai faɗin bango amma ya bar katifarsa tsirara, in ta lalace kada ya ɗora wa baƙo dukan laifin, domin rabin sakacin nasa ne.

Yanzu ina so in tsaya a kan mutumin da ba a cika ambata ba a wannan magana. Mai gida hoto yake gani a waya. Mai shara ita ce ke sa hannu. Yawanci mace ce mai ƙaramin albashi, wata bazawara mai 'ya'ya, ko yaro matashi da ya zo birni neman na kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum har aƙalla kwana 7. Ke nan busasshen jinin da ke kan zani ba lallai ne ya zama matacce ba, hannun mai wanki kuwa sau da yawa a tsattsage yake saboda omo da sanyi. Safar hannu ta roba nawa take? Allurar rigakafin wannan ciwo tana nan a asibitoci. Alhaji, Hajiya, in kuna da ma'aikatan da ke taɓa shimfiɗar baƙi kullum, ku saya musu safar hannu, ku kai su a gwada su a yi musu allurar, ku ba su bokiti na musamman don kayan da jini ko amai ya taɓa. In kun karɓi kuɗin ƙarin wanki daga baƙo, ku tuna wanda ya yi wankin. Ba daidai ba ne kuɗin ya tsaya a aljihunku ita kuwa ta tashi da ciwon baya kawai. Zaftare mata albashi saboda tabon da ba ita ta yi ba kuwa zalunci ne tsagwaronsa, kuma yana koya mata ɓoye abu, gobe ta ga tabo ta juya zanin ta shimfiɗa wa wani.

Masu otal sun daɗe da sanin cewa kayan shimfiɗa abin ƙarewa ne, kamar sabulu da man janareto. Shi ya sa suke ajiye aƙalla saiti 3 ga kowane gado: ɗaya a kan gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Shi ya sa kuma suka fi son fari, domin fari ne kaɗai ke jure wanki mai ƙarfi ba tare da ya koɗe ba, kuma baƙo yana ganin tsabtarsa da idonsa. Mai gida ɗaya ko biyu ma zai iya bin wannan. Ka shiga Kantin Kwari ko kasuwar da ta fi kusa da kai, ka sayi farin yadin auduga iri ɗaya da yawa, a ɗinka maka, yadda in rigar filo guda ta lalace za ka maye gurbinta ba sai ka jefar da saitin duka ba. Ka ajiye ƙaramin tawul mai duhu kusa da madubi don goge kwalliya, da tsumma a bakin ƙofa don takalmi. Ka sa zani na ko-ta-kwana a cikin kabad inda baƙo zai gani. Sannan ka raba kuɗin zannuwan da kake sauyawa a shekara a kan kwanakin da gidan ke samun baƙi, ka sa a cikin farashi. Abin da zai hau kan kowane dare kaɗan ne, kuma daga ranar ba za ka ƙara jin tabo kamar an yi maka fashi ba. Zanin da ya ƙi fita ma bai mutu ba. In auduga ne, marina irin na Ƙofar Mata za su tsoma shi a baba ya fito shuɗi, ya koma zanin ranar ƙunshi ko labule.

Akwai abu guda ƙarami da nake ganin ya fi duk waɗannan amfani: 'yar takarda a ɗaki, da lafazi mai laushi, mai cewa in wani abu ya zube ko ya taɓa shimfiɗa, kada a damu, ga zani a kabad, a sa wanda ya ɓaci a bokitin banɗaki da ruwan sanyi, a sanar da mu. Kunya ce ke sa baƙo ya dunƙule zani ya cusa ƙarƙashin gado har tabon ya bushe, ko ya yi ta dirza da ruwan zafi cikin dare ya ƙara ɓata shi. In ka cire masa tsoro, shi da kansa zai taimake ka ka ceci kayanka.

In kuwa ta tabbata ɓarna ce ta sakaci, an wanke an sake wankewa bai fita ba, to a nemi haƙƙi, amma ta hanyarsa. A ɗauki hoto kafin a taɓa, a ɗauka bayan wanki. A tuntuɓi wanda ya kama ɗakin shi kaɗai, ba a gaban matarsa ko abokan tafiyarsa ba, kuma a fara da gaisuwa: Alhaji, an sauka lafiya? Mun sami ƙunar wuta a zani da katifa, ga hoton, ga abin da gyaran zai ci. Yawancin mutane in an zo musu ta haka ba sa musu. Sannan a yi lissafi na gaskiya. A ce ka sayi zani naira 30,000, ya yi shekara ana kwana a kansa ana wankewa, dama saura kaɗan ka sauya shi. Ba ka da hujjar karɓar kuɗin sabo, balle ka riƙe ajiyar naira 100,000 a kansa. Ka cire abin da ya dace, ka nuna rasit, ka mayar da ragowar a ranar da ka yi alkawari. Kuɗin ajiya ba ribarka ba ce, dukiyar mutum ce a hannunka. Baƙon da aka riƙe wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba yana da inda zai kai kuka, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, FCCPC, akwai kuma kotu.

Batun yaɗa hoto kuwa, ban san wani uzuri da zan karɓa a kansa ba. Abin da ya faru a kan gado sirri ne mafi kusa da jikin mutum. Wadda ka sa hoton shimfiɗarta a waya 'yar wani ce, matar wani ce, wataƙila amarya ce a makonta na farko, wataƙila ɓari ta yi a daren nan ta tashi da baƙin cikin da ba ka san da shi ba. Katin shaida da lambar wayar da ta ba ka, don kama ɗaki ta bayar, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta hana amfani da irin waɗannan bayanai a abin da ba don shi aka karɓa ba. Ko babu doka, mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan rufin asiri. Ta fuskar kasuwa ma asara ce, domin duk macen da ta ga abin da ka yi wa wata ta san abin da za ka iya yi mata, ba za ta kwana a gidanka ba, ba za ta bar ƙanwarta ta kwana ba.

Ku kuma baƙi, 'yan'uwana, biyan kuɗi bai mayar da gidan mutum juji ba. Wanda ya gyara gidan nan wataƙila kuɗin sallamarsa daga aiki ya zuba a ciki, wataƙila marayu ake ciyarwa da abin da ke shigowa. In lalura ta same ku, ku sa zanin a ruwan sanyi ku faɗa, ko ta saƙon waya ne in baki ya yi nauyi. In ku kuka ɓata da hannunku, ku biya ba tare da an kai ga jayayya ba, kuma ku ajiye wa mai shara ɗan abin sayen sabulu kafin ku fita.

Masu gidaje, kafin baƙonku na gaba ya iso, ku shiga ɗakin da kanku ku ɗaga zanin gado ku duba ko katifar tana da riga, ku tambayi mai shararku ko tana da safar hannu. In akwai wanda kuke riƙe da kuɗin ajiyarsa a kan tabon da ya riga ya fita a wanki, ku tura masa abinsa yau.